Mota ta ƙi tashi? Duba suwic kafin ka sayi sabon batir

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu masu tsofaffin motoci a Legas da Ibadan, da zarar mota ta ƙi tashi sai a ɗora wa batir laifi. Wani lokacin kuwa suwic ne, wato makunnin da ke bayan ramin makulli.

Ga yadda za ka gane. Kunna fitilun gaba, ka danna hon. In suna aiki da ƙarfi, batir lafiya lau, domin a yawancin tsofaffin motoci wutarsu ba ta bi ta suwic. Sai ka murɗa makulli. In fitilun dashbod ba su kama ba, ko suna ƙyaftawa in ka jijjiga makullin, duba fiyus tukuna. In yana da kyau, to suwic ne. Haka in mota tana mutuwa da ta faɗa rami. Wannan ba abin wasa ba ne, don sitiyari da birki kan yi tauri.

Wajen canzawa, fara cire wayar batir mai alamar ragi. Kwance murfin wuyan sitiyari, zare soket, cire sukurori. Sau da yawa ɓangaren wutar kawai ake canzawa, makullinka na nan. Tafi da tsohon Ladipo ko Agodi Gate a ba ka irinsa sak.

Kada rewaya ya ce zai haɗa maka wayoyi kai tsaye. Gobara ce kake saye da kuɗinka. Tarin makullai ma rage shi, nauyinsu na cinye suwic.