Heda Mai Bin Takarda da Heda Mai Bin Rubutu

Layin nan guda da ke saman shafin littafi, wanda masu tsara shafuka ke kira heda, babu mai kula shi sai ranar da ya rasa inda ya tsaya a karatu. Ƙa'idojinsa ba su da yawa. Sunan littafi ko na marubuci a shafin hagu, sunan babi a shafin dama. Ba a sa shi a shafin da babi ya soma, tunda ga taken nan ƙato a ƙasa kaɗan, ba a kuma sa shi a shafin da aka bari fari fat. Yawancin masu sana'ar sun yarda da wannan. Inda aka rabu shi ne yadda za a ɗora layin a kan shafi ɗari uku ba tare da ya yi wa mai karatu ƙarya ba, kuma hanyoyin biyu ne.

Ta farko ita ce tsohuwa, wadda aka gada daga PageMaker, manhajar da kamfanin Aldus ya fitar a 1985, wadda ta daɗe tana ci a shagunan ɗab'i na Kano da Kaduna da Zariya ko bayan InDesign ta fito a 1999. Dabarar ita ce uwar shafi: wani shafi na bayan fage da ba a bugawa, amma duk abin da aka ɗora masa sai ya bayyana a shafukan da aka jingina masa. Mai tsari ya yi uwa guda mai ɗauke da lambar shafi da sunan littafi, sannan ya haifar da wasu daga jikinta, kowane babi da tasa, ya rubuta sunan babin da hannunsa. Babi talatin, uwa talatin, da ƙarin guda marar heda domin shafukan buɗe babi.

Wannan hanya tana da alherin da masu son sabon abu ba su cika faɗa ba. Mutum ne ke zaɓen abin da zai hau saman shafi. Idan taken babi ya yi tsawo, sai ya datse shi daidai inda ma'ana ba za ta karye ba. Idan akwai sunan wani littafi a cikin taken, sai ya karkatar da haruffansa yadda ya kamata. Littattafan Hausa kuwa suna bukatar wannan hannun fiye da yadda ake zato, domin marubutanmu suna son sa karin magana ya zama take. Labarai da yawa a Magana Jari Ce ta Abubakar Imam haka takensu yake, jimla ce cikakkiya mai kai da gindi, ba kalma biyu ba. Irin wannan take ba zai zauna a layi guda na ƙaramin littafi ba sai an yi masa aski, kuma askin aikin edita ne.

Amma uwar shafi a jikin takarda take liƙe, ba a jikin rubutu ba. Kamar sunan da aka rubuta a goshin rumfar kasuwa ne: mai kaya ya kwashe kayansa ya matsa gaba, suna yana nan a rumfar. A ce babi na biyar yana somawa a shafi na 61, sai marubuci ya aiko da ƙarin sakin layi shida a babi na huɗu, abin da marubuta ba sa fasawa ko da an ce gobe za a kai aiki maɗaba'a. Rubutu ya gangara, babi na biyar ya koma shafi na 63. Yanzu shafi na 61 ya zama tsakiyar labari amma ba shi da heda, na 63 kuma ya zama mabuɗin babi da heda zaune a kan takensa, haka kuskuren zai yi ta bin kowane babi har bangon baya. Babu wata alama da manhajar za ta nuna, domin a wurinta komai daidai yake. Wanda ya ƙware yakan cusa sababbin shafukan a cikin babi na huɗu domin sauran su tafi da uwayensu, sai dai wannan ya dogara ga tunawarsa a daren da yake gaggawa.

Hanya ta biyu ta shigo InDesign a 2007. A nan uwar shafi guda ce, kuma ba a rubuta sunan babi a kanta. Gurbi ake sawa, a ce masa: duba wannan shafin, ka ɗauko rubutun da aka yi wa salon taken babi, idan babu ka riƙe na shafin da ya wuce. Daga nan duk inda rubutu ya gangara heda na biye da shi. An gyara harafi guda a taken babi, saman shafuka ashirin ya gyaru. Word ma yana da irinsa, sunansa StyleRef, ko da yake yawancin masu buga littafi da Word ba su taɓa buɗe shi ba, sun fi sabawa da yanka littafi sassa-sassa suna cire igiyar da ke ɗaure hedar wani sashe da ta wanda ya gabace shi.

Akwai aikin da hanya ta biyu kaɗai ke iya ɗauka. Gurbin yana iya ɗauko rubutu na farko a shafi ko na ƙarshe, wato ainihin abin da ƙamus ke bukata: kalmar farko a kusurwar hagu, ta ƙarshe a ta dama. Wanda zai sake tsara ƙamus mai girman na Bargery na 1934, mai shafi fiye da dubu, ba zai yi uwa dubu ba.

Sai dai tana da sharaɗi, kuma a nan mutane da yawa ke gudu. Dole ne a ce an yi wa littafin salo tun daga tushe. Wanda ya saba zaɓen layi ya ƙara masa girma ya yi masa kauri da hannu, a idon mutum ya yi take, a idon manhaja bai yi komai ba, gurbin zai zauna wayam. Ni dai ina ɗaukar wannan tilas ɗin a matsayin riba, domin salon da ya ciyar da heda shi ne zai fitar da jerin abubuwan da ke ciki da lambobin shafinsu ba tare da an sake buga ko kalma ba.

Rauninta na gaske shi ne wanda ta farko ta fi ƙarfi a kai. InDesign tana ɗaukar gurbin tamkar harafi guda, ba ya karyewa zuwa layi na biyu, saboda haka dogon take sai ya cushe, haruffa su hau kan juna. Karkatattun haruffan da ke cikin taken ma ba sa biyo shi sama. Masu sana'a suna kewaye wannan ta hanyar yi wa kalmomi uku ko huɗu na taken wani salon harafi na musamman su ce gurbin ya bi shi, ko su ajiye gajeren take a akwatin da ba a bugawa a shafin buɗe babi. LaTeX, wanda malaman lissafi ke so, ya huta da wannan tun da daɗewa, yana karɓar take biyu a umarni guda, dogo na cikin shafi da gajere na heda. Sannan a InDesign shafin buɗe babi marar heda har yanzu uwa ce ke yin sa, don haka shi ma yana iya zamewa, sai fa idan an ba kowane babi fayil nasa aka haɗe su a ƙarshe. Littafin waƙoƙi mai shafi sittin wanda rubutunsa ya riga ya daskare, zan yi masa da hannu ban damu ba. Duk wanda ya wuce haka, ko wanda marubucinsa ke da lambar wayata, gurbi zan sa.

Saura haruffanmu masu lanƙwasa. Ana son heda da manyan haruffa, kuma gurbin yana iya mayar da take manya da kansa. A rubutun Unicode, ƙ za ta koma Ƙ, ɗ ta koma Ɗ, ɓ ta koma Ɓ, muddin nau'in harafin da aka zaɓa yana da su. Charis SIL da Gentium suna da su, da yawa daga kyawawan haruffan ado ba su da su, sai ka ga akwati mai ruwan hoda a gurbin harafin. Tsofaffin haruffan Hausa irin su Rabi'at kuwa sun ɗora masu lanƙwasar ne a kan maɓallan baka da makamantansu, shi ya sa ake cin karo da }asa da ]aya a rubutun da aka kwafo zuwa intanet. A wurin manhaja waɗannan alamomi ne, ba su da babba ba su da ƙarami. Idan fayil ɗin marubuci da irinsu aka buga shi, gurbin zai ɗaga kowane harafi ya bar ƙ ƙarama a tsakiyar manya a kowane shafin dama, sai an mayar da rubutun gaba ɗaya Unicode kafin a zuba shi a shafi.