CyanogenMod: Yadda aikin gayya ya rikiɗe ya zama kamfani, da abin da ya saura bayan rushewarsa

A ranar 23 ga Disamban 2016, kamfanin Cyanogen da ke jihar Kalifoniya ta Amurka ya fitar da wata gajeruwar sanarwa cewa kafin ƙarshen watan zai kashe dukkan kwamfutocin da ke haɗawa da rarraba manhajar CyanogenMod. Kwana takwas ke nan aka bai wa al'ummar da ta shafe shekara bakwai tana gina manhajar ta tattara ya-nata-ya-nata. Galibin waɗanda suka rubuta ta ba ma'aikatan kamfanin ba ne, ba su taɓa karɓar ko sisi daga hannunsa ba, kuma da yawansu sun riga kamfanin zuwa fagen da shekaru.

Tambayar da ta biyo baya ita ce: ta yaya kamfani zai iya rufe abin da aka ce na kowa ne? Amsar tana cikin bambancin da ke tsakanin abin da lasisi ke karewa da abin da ba ya karewa.

Mene ne CyanogenMod?

Android, babbar manhajar da ke sarrafa mafi yawan wayoyin duniya, hawa biyu ce. Hawa na ƙasa buɗaɗɗe ne: Google yana wallafa rubutunsa na asali, kowa na iya ɗauka ya karanta, ya gyara, ya sake rarrabawa. Hawa na sama kuwa, wato Gmail da YouTube da taswirar Google da shagon sauke manhajoji, mallakar Google ne shi kaɗai, kuma sai da izininsa kamfanin ƙera waya zai saka su.

Wayar Android ta farko, HTC Dream, ta shiga kasuwa a 2008. Ba a daɗe ba masu sha'awar fasaha suka gano hanyar buɗe ƙullin da ke hana mai waya taɓa cikinta, suka fara haɗa nasu samfurin Android daga wancan hawa na ƙasa. A 2009 samfurin da ya fi tashe shi ne na Stefanie Kondik, wadda a lokacin duniya ta sani da suna Steve Kondik, kuma laƙabinta na intanet, Cyanogen, shi ne ya bi manhajar. Duk wanda ya taɓa kai waya wurin mai gyara aka yi mata filashin ya san siffar aikin: a share manhajar da wayar ta zo da ita, a zuba wata. Bambancin shi ne, a nan wadda ake zubawar ba ta kamfanin da ya ƙera wayar ba ce.

Dalilin da ya sa mutane ke ɗaukar wannan kasadar a fili yake. A wancan lokacin, kamfanoni kan daina sabunta waya bayan shekara ɗaya ko biyu, su bar ta da kafofin da ɓarayin bayanai ke iya shiga, alhali jikinta lafiya lau. Kamfanonin sadarwa na Amurka da Turai kuma kan cika waya da manhajojin da ba a iya gogewa. CyanogenMod ta kawar da waɗannan, ta sabunta wayoyin da masu su suka yi watsi da su, ta kuma zo da abubuwan da Android ɗin Google ba ta da su a lokacin, kamar Privacy Guard, wanda tun 2013 yake bai wa mai waya ikon hana wata manhaja leƙa lambobin mutanensa ko sanin inda yake.

Tsarin aikin kuwa gayya ce tsantsa. Kowace irin waya tana da mai kula da ita, ɗan sa-kai da ke aikin a lokacin hutunsa. Wanda ya rubuta gyara zai aika, wasu su duba, in ya yi a karɓa. Kowane dare kwamfutoci su haɗa sabon kwafi ga kowace waya, masu amfani su sauke su gwada, su kawo rahoton abin da ya lalace. Babu albashi, babu ofis.

Tun a Satumbar 2009 aka yi karon farko da Google, lokacin da lauyoyinsa suka aika wasiƙar gargaɗi cewa a daina haɗa rufaffun manhajojinsa cikin CyanogenMod. Aka cire su, aikin ya ci gaba. Amma wasiƙar ta nuna inda iyakar gonar take, kuma a kan wannan iyakar ce kamfanin zai yi tuntuɓe daga baya.

Shigowar masu jari

A ranar 18 ga Satumban 2013 aka sanar cewa an kafa kamfani mai suna Cyanogen, da jarin dala miliyan 7 daga Benchmark da Redpoint. Kirt McMaster ne shugaba, Kondik kuma, wadda ta bar aiki a Samsung a farkon shekarar, ta riƙe ɓangaren fasaha. Hujjar da aka bayar ba ta banza ba ce. Saka CyanogenMod a waya aiki ne mai wuya wanda kuskure ɗaya ke iya mayar da wayar tubali, kuma 'yan sa-kai ba su da hanyar zama da masu ƙera waya a kan teburi. Da kuɗi da ma'aikata na dindindin, in ji masu kamfanin, manhajar za ta isa hannun mutanen da ba su san komai game da filashin ba.

Sai dai irin wannan jari ba sadaka ba ce. Masu zuba shi suna sayen kaso ne a kamfani da fatan zai ninka sau da yawa cikin 'yan shekaru. Kuma abin da ya ja hankalinsu, wato miliyoyin masu amfani da sunan da aka amince da shi, gumin ɗaruruwan mutane ne da ba su samu kaso ko ɗaya ba.

Rikicin farko ya ɓarke cikin kwanaki, a kan manhajar ɗaukar hoto mai suna Focal da wani Bafaranshe, Guillaume Lesniak, ya rubuta. A nan ne batun lasisi ya fito fili. Mafi yawan Android yana ƙarƙashin lasisin Apache, wanda ya yarda kowa ya ɗauki rubutun, ya ƙara nasa, ya rufe ya sayar. Focal kuwa tana ƙarƙashin GPL, wanda sharaɗinsa shi ne duk wanda ya gyara ya rarraba, dole ya bayyana gyaran ga kowa. Kamfanin ya nemi a sauya sharuɗɗan yadda zai iya yi wa masu ƙera waya gyare-gyare na musamman ba tare da buɗe su ba. Lesniak ya ƙi, ya janye manhajarsa, kuma shi da wasu suka kafa wani aikin dabam mai suna OmniROM. Kamfanin bai karya doka ba a duk wannan. Abin da ya taɓu shi ne fahimtar da ba a rubuta ba, cewa amfanin gonar gayya ba ya shiga rumbun mutum ɗaya.

Kuɗi dai suka ci gaba da kwarara. A Disamban 2013 aka ƙara kimanin dala miliyan 23 ƙarƙashin jagorancin Andreessen Horowitz, a Maris ɗin 2015 kuma dala miliyan 80 daga Premji Invest na Indiya da Qualcomm da Twitter da Telefónica da attajiri Rupert Murdoch. Manhajar ta rabu biyu: CyanogenMod ta al'umma, da Cyanogen OS ta kasuwa, mai ɗauke da ƙarin abubuwan da ba a buɗe rubutunsu ba.

Wa zai biya?

Wannan ita ce matsalar da ba a taɓa warwarewa ba. Akwai kamfanonin da suka yi arziki da buɗaɗɗiyar manhaja. Red Hat, wanda IBM ya saya kan dala biliyan 34 a 2019, shi ne babban misali. Amma abokan cinikin Red Hat bankuna ne da manyan ma'aikatu, masu biyan kuɗi duk shekara domin a tsaya musu idan na'ura ta tsaya. Masu amfani da CyanogenMod ɗaiɗaikun mutane ne da suka saba samun ta kyauta. Saura masu ƙera waya, su kuwa Google yana ba su Android ba tare da kuɗin lasisi ba, ribarsu a kan kowace waya kuma ba ta taka kara ta karya ba.

Nasara mafi girma ta zo a Afrilun 2014 da wayar OnePlus One, wadda wani sabon kamfanin China ya fitar kan dala 299 ɗauke da manhajar Cyanogen. Wayar ta yi farin jini matuƙa. Kafin shekarar ta ƙare, Cyanogen ya ƙulla yarjejeniya da Micromax wadda ta ba wannan kamfanin shi kaɗai ikon amfani da manhajar a Indiya, daidai lokacin da OnePlus ke shiga kasuwar ƙasar. Maganar ta kai Babbar Kotun Delhi, wadda ta dakatar da sayar da OnePlus One na ɗan lokaci a Disamba kafin a ɗage umarnin. OnePlus ya koma ya haɗa tasa manhajar, OxygenOS, ya fitar da ita a 2015. Abokin da ya fi kowa fito da sunan Cyanogen a kasuwa ya tafi ke nan, kuma sauran masu ƙera waya sun ga yadda aka yi da shi.

McMaster bai sassauta harshe ba. A farkon 2015 ya ce burinsu shi ne ƙwace Android daga hannun Google, ya kuma shaida wa mujallar Forbes cewa harsashi za su ɗirka wa Google a ka. A Afrilu aka sanar da ƙawance da Microsoft domin saka Bing da Skype da Outlook da OneDrive cikin Cyanogen OS. Ga mutanen da suka gudo daga manhajojin da ake cusa musu ba su nema ba, wannan gudun gara ne aka faɗa gidan zago.

Ko da harshen ya yi laushi, akwai katangar da ba ta tsallakuwa. A wancan lokacin, kamfanin da ke son saka shagon Google a wayoyinsa sai ya sa hannu cewa ba zai sayar da wata waya mai ɗauke da samfurin Android da Google bai amince da shi ba. Wayoyin Cyanogen OS da suka fito sun bi ta tantancewar Google, suna ɗauke da manhajojinsa. Wayar da babu Google a cikinta, wadda McMaster ke mafarki, babu babban mai ƙera waya da zai taɓa ta ya jefa sauran kasuwancinsa cikin haɗari. A Yulin 2018 Tarayyar Turai ta ci Google tarar yuro biliyan 4.34, kuma wannan sharaɗin yana cikin laifukan da ta lissafa. Hukuncin ya zo bayan Cyanogen ya riga ya fita daga harkar waya.

Ƙananan kamfanoni ne suka rage masa, irin su Wileyfox na Birtaniya da BQ na Sifaniya da ZUK na Lenovo. A Yulin 2016 aka sallami kusan kashi ɗaya cikin biyar na ma'aikata. A Oktoba Lior Tal ya maye gurbin McMaster, daga nan aka rufe ofishin Seattle, Kondik ta bar kamfanin, sannan sanarwar Disamba ta biyo baya.

Abin da lasisi ya tsare, da abin da bai tsare ba

Washegarin sanarwar, 24 ga Disamba, 'yan sa-kai suka bayyana cewa za su ci gaba da aikin da sabon suna, LineageOS. Sun iya yin haka ne domin rubutun manhajar yana ƙarƙashin lasisin da ba a iya janyewa: abin da aka riga aka buɗe ya buɗu, kuma kowa na da kwafi. Cikin Janairun 2017 sababbin kwafe suka fara fita.

Abubuwa biyu ne ba su iya ɗauka ba. Na farko suna. Cyanogen ya zama alamar kasuwanci ta kamfani, kadara ce da za a iya sayar wa kowa, kuma masu aikin ba su so su ci gaba da gina martabar sunan da ba su san hannun da zai faɗa ba. Na biyu kayan aiki: kwamfutocin haɗa manhaja da na rarraba ta, waɗanda kamfanin ya ɗauki nauyinsu shekara uku har al'ummar ta daina tanadin nata. Lasisin buɗaɗɗiyar manhaja bai ce komai a kan waɗannan ba, kuma a lokacin da kuɗi ke shigowa ba a tsaya an ware su a hannun wata gidauniya mai zaman kanta ba, irin yadda aka yi wa wasu manyan ayyuka kamar Linux da Apache.

LineageOS tana nan har yau, tana tafiya da gudummawar jama'a, tana sabunta wayoyin da masu ƙera su suka manta da su. Filin dai ya ƙuntata. Wasu kamfanoni sun daina barin a buɗe ƙullin wayoyinsu, manhajojin bankuna da yawa kuma ba sa yarda su yi aiki a wayar da aka sauya wa babbar manhaja. Duk da haka wasu sun sake gwada kasuwanci a kan tushen: Gaël Duval na Faransa ya gina manhajar /e/OS a kan LineageOS, kamfaninsa Murena kuma yana sayar da wayoyi ɗauke da ita, yana neman kuɗinsa daga mai sayen waya kai tsaye.

Shi kuwa kamfanin Cyanogen bai mutu ba. Ya sauya suna zuwa Cyngn, ya koma haɗa manhajar da ke tuƙa motocin ɗaukar kaya marasa direba a masana'antu da ɗakunan ajiya, kuma a Oktoban 2021 ya fara sayar da hannun jarinsa a kasuwar Nasdaq.