AMSAR WASIƘUNKU: Wanda Ba Ya Son Zogale Da Waken Soya, Me Zai Ci?

 Wasiƙu biyu muka haɗa a wannan mako domin tambayarsu ɗaya ce. Ta farko daga wani manomi ce a ƙasar Funtuwa. Ya ce malaman asibiti sun umarci maiɗakinsa ta riƙa sa wa yaronsu garin waken soya a kunu, amma yaron da ya ji ƙanshinsa sai ya kau da kai, in aka ɗura masa kuma ya amayar. Ta biyu daga wata 'yar kasuwa ce a Gusau, wadda ta ce kowa na yabon zogale, ita kuwa ko a baki ba ta iya sa shi, har ta fara tsoron ko tana cutar kanta ne.

To Malam, to Hajiya, ku kwantar da hankalinku. Amsar a taƙaice ita ce, jiki bai san sunan abinci ba. Abin da yake nema shi ne sinadaran da ke cikin abincin, kuma babu wani sinadari da aka kulle shi a cikin ganye ɗaya ko ƙwaya ɗaya. Ƙin wani abinci ba laifi ba ne. Laifin shi ne a bar gurbinsa babu komai.

Da farko, me ya sa wani yake lashe kwanon kwaɗon zogale, wani kuma yake yamutsa fuska? Harshen ɗan Adam yana da na'urorin jin ɗaci iri-iri har kimanin 25, kuma ba ɗaya suke ga kowa ba. A shekarar 1931 wani masanin haɗa sinadarai a Amurka mai suna Arthur Fox yana aiki da wani gari, sai iska ta kwashe shi. Abokin aikinsa ya yi ta ƙorafin ɗaci, shi kuwa Fox bai ji komai ba. Daga nan aka gane gadon abin ake yi, kamar tsawo ko hasken fata, kuma a 2003 masana suka gano ƙwayar halittar da ke da alhakin haka. Saboda haka in maƙwabcinka ya ce shuwaka ba ta da wani ɗaci, ba ƙarya yake ba, kai ma da ka ce ta yi maka ɗaci ba tsirfa kake ba. Yara kuwa sun fi manya jin ɗaci, mace mai ƙaramin ciki ma takan tsani abin da take so a da.

Yanzu mu zo kan waken soya. Dalilin da ya sa malaman asibiti suke nacewa a kansa shi ne yawan furotin, wato sinadarin da ke gina tsoka da sa yaro girma. A cikin giram 100 na busasshen waken soya akwai furotin kamar giram 36 zuwa 40. Waken da muka saba da shi yana da kamar 23 zuwa 25, gyaɗa ma kusan haka. Kun ga ke nan soya ya fi su, amma ba su ma baya ba ne. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1967, ta yi aiki sosai wajen koya wa mata sarrafa shi, ga shi yau awara ta zama abincin kowa a Kano da Zariya da sauran garuruwa.

Gafin nan da yaro yake gudu, yawanci daga wurin sarrafawa yake fitowa. A cikin ɗanyen waken akwai wani sinadari da yake kwance shiru, sai an fasa ƙwayar ta haɗu da ruwan sanyi sannan ya tashi, nan take gafi da warin su bayyana. Zafi ne yake kashe shi. Don haka Malam, ka ce wa maiɗakinka ta tsince waken, ta bari ruwa ya tafasa sosai, sannan ta zuba shi a busashe, ya yi minti 20 zuwa 30 yana dahuwa. Sai ta tsame, ta murje ɓawon, ta shanya ya bushe ƙarau, sannan a kai niƙa. Ko kuma ta soya shi a kasko kamar gyaɗa har ya yi ja. Kada a ba yaro garin ɗanyen soya ko kaɗan, domin yana hana ciki narkar da abinci yadda ya kamata. Wajen damu kuma a fara da kaɗan, cokali guda a kofin kunu, a riƙa ƙarawa sannu a hankali har a kai awo ɗaya na soya cikin awo uku na gero ko masara.

Batun ɗure kuwa, don Allah a daina. Yaron da aka danne aka toshe masa hanci yana iya shaƙewa, kunu ya bi masa ta hanyar numfashi, kuma daga ranar ya ƙulla gaba da abincin ke nan. Masu binciken cimar yara sun ga cewa yaro yakan buƙaci a gwada masa sabon abinci sau 8 zuwa 15 kafin ya karɓa. A ba shi ya ɗanɗana, in ya ƙi a ɗauke ba faɗa, bayan kwana biyu a sake. Ya ga uwarsa da yayyensa suna ci a gabansa. In duk an yi wannan bai karɓa ba, ga kunun gyaɗa, ga alale, ga faten wake, ga ƙwai dafaffe, ga garin busasshen kifi da aka cire wa ƙaya, ga kindirmo. Kowanne zai tsaya a gurbin soya.

Hajiya, ke kuma ga naki. Zogale ganye ne mai amfani ƙwarai. Yana da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi, yana kuma da sinadarin ƙarfe mai taimakon jini da na ƙarfin ƙashi. Amma alayyafo da rama da lalo da yakuwa da ganyen wake da miyar kuka duk 'yan gida ɗaya ne da shi. Don bitamin A kuma ga kabewa, karas, mangwaro, gwanda, manja, da dankalin Hausa mai jan ciki. In kina son ki sake gwada zogalen, ki nemi ɗanyen ganye matashi, ki cire tsinkayen, ki haɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir, ko ki sa shi kaɗan a dambu. Maiƙon gyaɗa yana danne ɗaci, yana kuma taimaka wa jiki ya ɗebi bitamin A ɗin. A rage kanwa wajen dafa ganye, domin tana lalata wasu bitamin. Shayi ma a jinkirta shi bayan cin abinci, saboda yana rage ƙarfen da jiki zai samu, alhali lemun tsami da tumatir suna ƙara shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a rana, wato kamar cikin tafin hannu biyar, ban da dankali da rogo da doya. Ba ta ce lallai sai wane iri ba. Saboda haka kada ɗan kasuwa ya zuba kuɗinsa a tufa da inabin da aka yi wo oda daga waje don an ce su ne abincin lafiya, alhali mangwaro na ruɓewa a gindin bishiya a bayan gidansa. Haka masu tallar garin zogale a ƙulli suna cewa yana warkar da ciwon suga da hawan jini. Zogale abinci ne, kada wanda likita ya ɗora a kan magani ya ajiye maganinsa saboda shi.

Akwai kuma maganar da ake yi cewa duk abu mai ɗaci magani ne. Ku yi hattara da ita. Sau da yawa ɗaci gargaɗi ne harshe yake yi. Rogo mai ɗaci yana da guba, sai an jiƙa shi an sarrafa shi sosai kafin a ci. Duma mai ɗaci yana sa amai da gudawa mai tsanani. Gyaɗar da ta yi funfuna ta yi ɗaci, a tofar da ita, kada a ba yara ko a yi ƙuli da ita, domin gubarta hanta take taɓawa.

Daga ƙarshe, a bambanta ƙin abinci da rashin jituwa da shi. In mutum ya ci gyaɗa ko soya ko ƙwai ko kifi sai jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, leɓe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, wannan ba batun sabo ba ne. A daina ba shi, a garzaya asibiti. Haka yaron da yake ƙin kowane irin abinci, yana ramewa, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ko ƙafafunsa suka kumbura, alamun tamowa ke nan, kada a tsaya gwaje-gwajen kunu a gida. Mai ciki kuma da ganye ya gagare ta, ta je awo ta karɓi ƙwayoyin ƙarin jini, ta sha su yadda aka ce.

To jama'a, aikin da za mu ba ku shi ne, kowane magidanci ya duba kwanon gidansa na mako guda. In akwai tuwo ko fura, akwai wake ko gyaɗa ko nono ko kifi, akwai kuma ganye da ɗan itace kowace rana, to gidan ya wadatu ko da zogale bai taɓa shiga tukunyarsa ba. In ɗaya daga cikin ukun nan ya yi ƙaranci, a cike shi da abin da baki yake so kuma aljihu zai iya.