Kai kare bakin ruwa daga PK5: Abubuwan da ya kamata ka sani

Mazaunin unguwar PK5 a Bangui ba ya da teku a kusa. Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ƙasa ce da tudu ya kewaye, kuma teku mafi sauƙin isa tana Kamaru, tafiyar sama da kilomita 1,000 ta hanyar Beloko da Garwa-Bulai. Abin da ke hannu shi ne kogin Ubangi, wanda idan rani ya yi nisa yake janyewa ya bar rairayi shimfiɗe tsakanin Bangui da garin Zongo na Kwango. Duk inda mai kare ya nufa cikin biyun, shirin fitar yana farawa ne tun daga gida.

Allurar rigakafi kafin komai

Ciwon haukan kare ya daɗe a Bangui. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar kare ake ɗaukarsa. Kimanin kashi 40 cikin 100 na masu mutuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Bakin kogi kuwa wurin yara ne, ga kuma karnukan da ba su da mai su suna yawo neman ragowar kifi.

Ana yi wa ɗan kwikwiyo allurar farko yana da wata 3, a riƙa maimaitawa yadda likitan dabbobi ya rubuta a kati. Garkuwar ba ta kama jiki nan take, shi ya sa ƙasashe da yawa ke neman a cika kwana 21 bayan allurar farko kafin kare ya ƙetare iyaka. Mai niyyar zuwa Kribi ko Duwala a gaɓar tekun Kamaru ya riƙe katin tare da takardar shaidar lafiya. Karen da ba a yi wa allura ba, a ganina, ba shi da hurumin shiga taron jama'a, komai ladabinsa a gida.

Idan cizo ya auku

Nan ne ake asarar rai saboda jinkiri. A wanke ciwon da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, ko da yakushi ne kawai, sannan a nemi allura a ranar. Cibiyar Pasteur ta Bangui, wadda aka kafa a 1961, ita ce aka sani da gwajin cutar da yi wa waɗanda aka ciza allura. Kada a ɗaure ciwon da ƙulle-ƙulle a zauna jira. Cutar kan yi wata 2 zuwa 3 a ɓoye, wani lokaci mako guda kacal, kuma da zarar alamu sun bayyana, kamar tsoron ruwa da firgita, kusan ba a tsira.

Karen da ya yi cizon kuma kada a yi gaggawar kashe shi idan ana iya tsare shi. A killace shi aƙalla kwana 10 ƙarƙashin idon likitan dabbobi, amma wanda aka ciza ya fara allurarsa ba tare da jiran sakamako ba.

Haƙƙin mutanen da ke wurin

PK5 unguwar Musulmi ce, Hausawa da Fulani da 'yan asalin Chadi da sauransu, kuma mafi yawansu mabiya Malikiyya ne. A wannan mazhaba kare mai rai ba najasa ba ne, har da yawunsa, wanke ƙwarya sau 7 idan ya yi lallagi a ciki kuwa bin umarni ne. Shafi'iyya na ganinsa najasa mai nauyi. Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin Malikiyya, ta taƙaita ajiye shi ga farauta da tsaron gona ko dabbobi. To, ko a inda fiƙihu ya sassauta, al'ada ba ta sassauta ba: dattijon da ya yi alwala ba zai yafe maka karenka ya shinshina rigarsa ba. Igiya a wuya, takunkumi idan mafaɗaci ne, a yi nesa da masu wanki da masu ɗiban ruwa, a kuma kwashe kashinsa.

Kogi daban, teku daban

Ubangi wurin sana'a ne. Masunta na shanya koma, masu haƙar yashi na loda kwale-kwale, kuma ƙugiyar da aka yar da guntun kifi a jikinta na iya maƙale wa kare a maƙogwaro. Wajen Oktoba da Nuwamba ruwa kan cika ya yi ƙarfi, lokacin ba na iyo ba ne.

A Kribi matsalar gishiri ce. Karen da ya sha ruwan teku zai yi amai da zawo, don haka a tafi masa da ruwan sha, a ɗauraye jikinsa bayan ya fito. Igiyar ruwa mai ja ciki tana ɗauke kare kamar yadda take ɗauke mutum, kuma mai shi kan halaka wajen bin sa.

Rairayin tsakar rana na ƙona tafin kare a wuraren biyu. Ɗora bayan hannunka a kai, idan ba ka iya jurewa ba, ku koma inuwa sai la'asar. Da an dawo gida a duba kunnuwa da tsakanin yatsu saboda kaska.