Ranar Da Makaho Ya Zama Ɗan Jagora

Mai karatu, a ce kai ne. Shekararka 18, ka fito daga makarantar hafsoshi ta Sandhurst, kakinka ko koɗewa bai yi ba aka tura ka bakin daga a Faransa. Shekarar 1916 ce, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi tsamari, kuma fagen da aka kai ka shi ne Somme, inda a ranar farko ta gumurzun kaɗai sojojin Birtaniya sama da 19,000 suka mutu. Ranar 23 ga Yuli harsashi ya same ka a ka. Kwananka na gaba, ba ka mutu ba. Aka kwaso ka zuwa asibiti a Landan, aka kwance bandeji, ka buɗe ido ka ga duhu, ka rufe ka sake buɗewa ka ga duhu. Me za ka fara tambayar likita? Abin da ya sami wani saurayi mai suna Ian Fraser ke nan, kuma amsar da Ingila ta wancan zamani ta tanadar wa irinsa ba mai daɗin ji ba ce.

Sojan da ya makance a lokacin, a ba shi lambar yabo da ɗan fansho, a miƙa shi ga danginsa. Mai gata ya sami kujera a lungun ɗaki, ana ba shi abinci ana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar mai jinya. Marar gata kuwa ya tsaya bakin titi da tiren ashana a wuya, yana jiran masu tausayi. Fraser na kwance yana lissafin wanne ne rabonsa, sai ga wata budurwa ta shigo da wasiƙa a hannu. Wasiƙa ga makaho? Wa ya aiko ta?

Wani makaho ne ya aiko. Sunansa Arthur Pearson, kuma sai ka ji ko wane ne kafin ka gane abin da ya sa wasiƙar ta yi nauyi.

Pearson ɗan limamin coci ne. A 1884 wata mujalla mai suna Tit-Bits ta sa gasar amsa tambayoyi, kyautar kuma ba kuɗi ba ce a hannu, aikin akawu ne a ofishinta kan fam 100 a shekara. Yaron ya dinga taka keke zuwa wani ɗakin karatu mai nisa yana tono amsoshi har ya cinye gasar. Shekara shida bayan nan ya kafa tasa mujallar, a 1900 kuma ya kafa jaridar Daily Express, wadda har yau ana buga ta. Mutum ne mai gaggawa, mai zafin nema, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya. Yana kan ganiyarsa hawan jinin ido ya kama shi. Aka yi masa aiki a 1908, bai hana komai ba. Ya sayar da jaridunsa ɗaya bayan ɗaya, zuwa 1913 hasken ya ɗauke gaba ɗaya. Mai karatu, kana da dukiyar da za ta riƙe ka har jikokinka, ga barori, ga gida a ƙauye. Ba sai ka koma gefe ka huta ba?

Shi bai koma ba. Ya shiga ƙungiyar makafi ta ƙasa ya zama shugabanta, yana tara mata kuɗi da irin dabarun da ya saba sayar da jarida da su. Da yaƙi ya ɓarke aka fara kawo samari da idanu a fashe, sai ya ga aikinsa ya zo. A farkon 1915 ya buɗe musu masauki da sojoji biyu kacal. Cikin 'yan makonni wurin ya yi kaɗan, sai wani attajiri ya ba shi aron katafaren gidansa mai suna St Dunstan's, mai fili kusan eka 15 a cikin lambun Regent's Park da ke tsakiyar Landan. Attajirin nan, Otto Kahn, ma'aikacin banki ne mazaunin Amurka. Ka san inda aka haife shi? A Jamus, ƙasar da harsasanta suka makantar da yaran.

Pearson yana da wata al'ada. In ya ji an kawo sabon makaho asibiti, yakan je gefen gadonsa ya danƙa masa agogo. Agogon marfinsa na buɗewa, ba gilashi a fuskarsa, hannuwansa ƙarfafa ne, ga ɗigo-ɗigo masu tudu a wurin lambobi. Ka yi tunanin saurayin da ya yi makonni bai san dare ba bai san rana ba, komai sai ya tambaya, har ya fara jin kunyar tambayar. Ya ɗora yatsa a kan ƙarfen nan mai sanyi, ya shafa, ya lalubo dogon hannu, ya lalubo gajere, ya faɗi lokaci da bakinsa. Abu na farko ke nan da ya yi wa kansa tun ranar da aka harbe shi. Kuma wanda ya ba shi agogon ba zai ce masa "na san yadda kake ji" a banza ba, don shi ma da lalube ya iso bakin gadon.

A gidan St Dunstan's kuwa an yi wa tausayi iyaka. Pearson ba ya son a kira makanta masifa, cewa yake cikas ce da ake koyon tsallakewa, kuma abin da mutanensa suka zo yi shi ne koyon zama makafi. An shimfiɗa dogayen zirin shimfiɗa a ƙasa, in ƙafarka na kai to kana kan hanya, in ta sauka ka san ka kauce. A lambu an ja waya da makari a gefen hanyoyi, an sa katako a ƙasa kafin matakala don ƙafa ta ji gargaɗi. Ba ɗan jagora, ba mai riƙe maka sanda. Ka yi karo da ƙofa? Gobe ka san inda take. Mai karatu, da ɗanka ne a wurin, za ka iya naɗe hannu kana kallo yana buga goshi?

Rabin yini ana koyon rubutun makafi na Braille da buga tafireta, ɗaya rabin ana ɗakin sana'a. Akwai gyaran takalma, akwai kafinta, akwai saƙar kwando da tabarmar bakin ƙofa da raga. Akwai kiwon kaji, inda mutum zai ɗauki kaza ya shafa ta ya gaya maka irinta. Waɗanda suka yi boko aka koya musu haɗa layukan tarho a ofisoshi da ɗaukar rubutu da gajerun alamomi, wasu kuma tausa irin ta asibiti, wadda sai ka san kowace jijiya da kowane ƙashi da yatsunka. Masu tausar nan da yawa asibitocin soja suka koma, suna murza ƙafafun abokansu da suka dawo da raunuka. A nan ƙasar Hausa ma an daɗe da sanin makafi da tufkar igiya, don haka hannun makaho ya iya sana'a ba labari ba ne a wurinmu. Abin da ya bambanta gidan Pearson shi ne yawancin malaman su ma makafi ne. Ɗalibi ya jefar da guduma ya ce wannan aiki ba ya yiwuwa sai da ido, malam ya kamo hannunsa ya ɗora a kan fuskarsa. Da wane baki zai sake musu?

Da yamma kuma ba a barin kowa ya zauna ya yi tagumi. Ana tseren kwalekwale a tafkin lambun, ana gasar tafiya da ja-in-ja da igiya, ana rawa da 'yan matan da ke zuwa aikin sa kai. Aure da yawa daga nan ya samo asali. Fraser kansa ya faɗa daga baya cewa muryar budurwar nan da ta kawo masa wasiƙa ce ta fara sace masa zuciya. Sunanta Irene Mace, kuma a 1918 aka ɗaura musu aure.

Sai dai a ganina babbar hikimar Pearson ba a ɗakin koyarwa take ba. Koyar da sana'a kowa na iya yi, a yi biki, a raba takardar shaida, a ɗauki hoto, kowa ya watse. To bayan wata uku fa? Ga mai gyaran takalma a ƙauyensu, fata ta ƙare, ba ya iya zuwa birni ya zaɓo mai kyau. Ga mai kwando ya saƙa goma sha biyu, maƙwabta sun sayi biyu don kunya, saura na jibge. A nan ne ake karaya. Pearson ya hango wannan, ya buɗe sashe na musamman mai bin sawun duk wanda ya gama. A kafa masa shago ko akurki, a ba shi kayan aiki, wanda ya ci jarrabawar tafireta ya tafi gida da tasa. A sayo fata da kaba da zare a sari a aika masa a kan farashin saye, a karɓi abin da ya ƙera a sayar masa, a riƙa turo masana suna duba ko hannunsa ya fara lalacewa. Alkawarin kuwa har mutuwa ne. Wa kake tsammani ya ɗora a kan wannan sashe? Yaron nan Fraser, wanda a lokacin da ƙyar ya haura shekara 20.

Kada in sa ka ɗauka komai lafiya lau ne. Kwando da tabarma ba su taɓa azurta kowa ba, fansho ne ke cike giɓin. Wasu sun dawo da raunin da ya wuce na ido, ba hannu, ko hankali a girgize, kuma ba kowa ne ya miƙe ba. Sannan jama'a na zuba kuɗi ga makahon da ya sa kaki, shi kuwa wanda aka haifa da makanta ko ya rasa idonsa a masana'anta yana gefe. A 1920 irin waɗannan makafi suka tako a ƙasa daga garuruwan Manchester da Leeds da Newport har Landan, tutarsu na cewa adalci suke nema ba sadaka ba. A shekarar aka yi dokar farko ta musamman a kan makafi a ƙasar. Duk da haka, kafin ƙurar yaƙin ta lafa, sojoji fiye da dubu sun bi ta hannun Pearson, kuma kowa ya ɗauka shekaru masu yawa na gabansa.

Ranar 9 ga Disamba 1921, da safe, Pearson ya shiga wanka a gidansa na Landan, shi kaɗai kamar yadda ya saba. Santsi ya kwashe shi a cikin baho, kansa ya bugi kan famfo, ya suma, fuskarsa a cikin ruwa. Kafin a ankara rai ya yi halinsa. Shekararsa 55. Mutumin da ya koya wa ɗaruruwan makafi hawa matakala da tsallaka titi da tuƙa kwalekwale, ruwan wanka ne ajalinsa. Mutanensa suka taho daga ko'ina a ƙasar, hannun wannan a kafaɗar wancan, suka raka shi kabari.

Yanzu, mai karatu, ka zauna a kujerar 'yan kwamitin. Ga ƙungiya mai gidaje da ma'aikata da alhakin rayuka masu yawa, ga yaƙi ya ƙare, hannun masu bayarwa ya fara sanyi. A Landan akwai tsofaffin janar-janar, akwai manyan attajirai, duk masu ido biyu da furfura. Wa za ka ba? Su dai suka tsallake duk waɗannan suka ba Ian Fraser, makaho ɗan shekara 24.

A 1924 ya tsaya zaɓe ya shiga Majalisar Wakilai, inda ya zama ƙarfen ƙafa ga ministoci a kan fanshon tsofaffin sojoji. Ya yi karatun lauya ya gama. Ya zauna a hukumar gudanarwar BBC. Amma akwai abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya: wanda ya makance da girmansa, musamman mai yatsun da aiki ya sa suka yi kanta, karatun Braille na yi masa wuya, da yawa sun haƙura da littafi gaba ɗaya. Fraser mai son taɓa na'urori ne, sai ya ce me zai hana littafin ya yi magana? Faifan garmaho na lokacin 'yan mintuna yake yi ya ƙare. Shi da injiniyoyinsa, tare da ƙungiyar makafi ta ƙasa, suka yi ta gwaji har suka sami faifai mai juyawa a hankali wanda gefe ɗaya ke kai minti 25. A 1935 aka fara aika wa makafi littattafan saurare, cikin na farko har da labarin binciken kisan kai na Agatha Christie.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, sababbin samari suka fara isowa da idanu a ɗaure. Aka kwashe makarantar zuwa wani ƙaramin gari mai suna Church Stretton don gudun bama-bamai, kuma cikin masu tarbar su da koya musu akwai makafin yaƙin farko. A wannan karon Fraser ya matsa sai da masana'antu suka buɗe ƙofa, aka ga makafi tsaye a gaban injin suna gyara ƙarfe da auna kayan da aka ƙera, kafaɗa da kafaɗa da masu ido.

A 1958 Birtaniya ta yi dokar da ta ba da damar naɗa mutum a Majalisar Dattawa iya tsawon rayuwarsa, ba tare da 'ya'yansa sun gaji kujerar ba. Wa kake jin aka fara naɗawa a duk faɗin ƙasar? Ian Fraser. Shugabancin St Dunstan's kuwa, wanda aka damƙa masa yana ɗan 24, bai sauka daga kansa ba sai da ya rasu a watan Disamba na 1974, yana da shekara 77.