Ribaɗi da tsaron arewacin Zamfara

Hausawa na da kalmomi da dama na wurin da aka kange don yaƙi: birni, ganuwa, sansani, tunga. Ribaɗi ya sha bamban da su duka. Asalinsa Larabci ne, daga tushen da ke nufin ɗaurewa, musamman ɗaure dawaki a bakin iyaka cikin shirin ko-ta-kwana. Daga nan ne sunan Rabat ta Maroko ya fito, haka ma Murabiɗun, da Ribaɗu ta Adamawa. Ganuwa gini ce, sansani kuwa ana tashinsa da an gama yaƙi. Ribaɗi zama ne na dindindin a wurin da ake tsoro.

Haka Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya fahimce shi. Alƙalawa, birnin Gobirawa, ta faɗi a 1808, kuma Namoda, wanda Ƙaura ke ɗauke da sunansa, yana cikin jagororin yaƙin. Amma Gobirawa da Katsinawan Maraɗi ba su daina kawo hari ba, garuruwa irin su Zurmi, Moriki da Shinkafi kuma su ne ke fuskantar wannan barazana. Bello bai tsaya ga aika runduna ta je ta dawo ba. Ya kafa ribaɗai, ya ɗora 'ya'yansa da danginsa a kansu, ya zaunar da makiyaya da manoma da masu sana'a, aka gina masallaci da makaranta. Shi kansa ya tare a Wurno, a can ya rasu a 1837.

Za a ce wannan tsohon zance ne, ganuwar ƙasa ba ta tare ɗan bindiga mai babur. Gaskiya ne, kuma ba a manta cewa gumin bayi na cikin abin da ya gina garuruwan ba. Sai dai ƙarfin ribaɗi bai taɓa zama a tubali ba. Mai tsaron yana kwana inda talaka ke kwana, gonarsa na kusa da tasa, don haka duk harin da ya taɓa gari ya taɓa gidansa. Jami'in da ake kawowa bayan an kwashe mutane, a janye shi bayan mako kaɗan, sansani ya yi. Manomin Moriki da ya bar gonarsa saboda tsoro yana buƙatar hukumar da za ta zauna tare da shi rani da damina.