Karen nan ba dariya yake ba: abin da jikinsa ke gaya maka kafin ya yi cizo

Ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan a TikTok ko Facebook? Wani ya rungume ƙaton karensa yana ɗaukar hoto, karen ya juyar da kai gefe, farin idonsa ya fito, yana ta lasar hanci. Mutane sai dariya, wai "ji shi, kunya yake ji." Ko kuma wanda aka tsare kare ana nuna masa takalmin da ya yayyaga, shi kuma ya sunkuyar da kai ya kwantar da kunnuwa, a ce ai ya san ya yi laifi.

To, tsaya ka ji. Mafi yawan abin da muke wa dariya a irin waɗannan bidiyoyin, roƙo ne karen ke yi a ƙyale shi. Kuma yanzu da matasa da yawa a Kano da Kaduna da Jos da Abuja ke ajiye manyan karnukan ƙetare irin su German Shepherd da Rottweiler da Boerboel, don gadi ko don gayu, rashin jin wannan yaren na iya ƙarewa a gadon asibiti. Sau da yawa kuma ba mai karen ne ke kwanciya a gadon ba, ƙaninsa ne ko ɗan maƙwabta.

Kare ba ya cizo haka kawai

Duk lokacin da kare ya ciji wani, maganar da za ka ji ita ce, "Wallahi bai taɓa yi ba, haka kawai ya kai masa cafka." Amma Hausawa sun riga sun ce in ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Wato yana nuna niyyarsa, mu ne ba ma kallo.

Wata likitar dabbobi 'yar Ingila, Kendal Shepherd, ta jera waɗannan alamomi kamar matakan tsani. A ƙasa akwai hamma da ƙifta ido da lasar hanci. Sama da su, kare ya kau da kai, ya juya maka baya, ko ya tashi ya bar wurin. In abin bai tsaya ba, sai ya kwantar da kunnuwa, ya duƙar da jiki, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu. Daga nan sai jiki ya sandare ya kafe ka da ido, sai gurnani, sai kai cafka a iska, sannan cizo. Cizon shi ne matakin ƙarshe, bayan duk roƙon da ya yi ba a saurara ba.

Ƙananan alamun da ake rainawa

Hamma ba koyaushe barci ba ne. In karenka yana hamma alhali ana jagwalgwala shi, ko baƙi sun kewaye shi, ko kana masa tsawa, a takure yake. Haka ma lasar hanci da leɓe ba tare da abinci a gabansa ba. Wata mai horar da karnuka 'yar ƙasar Norway, Turid Rugaas, ta shahara da bayanin cewa da irin waɗannan motsin karnuka ke kwantar wa junansu da hankali, kamar dai mutum ya ce "ni ba faɗa na zo ba."

Duba idonsa. In ya juyar da kai amma bai ɗauke ido daga kanka ba, har farin idon ya bayyana kamar jinjirin wata, hankalinsa a tashe yake. Duba bakinsa. Karen da ke cikin nutsuwa bakinsa a sake yake, harshe a waje kaɗan. In yana haki sai ya rufe bakin farat ɗaya ya tsaya cik, to ja da baya, wannan shirun ba na lafiya ba ne.

Shi kansa hakin sai an lura. Kare ba ya zufa a jiki kamar mu, da haki yake sanyaya kansa, don haka a zafin Afrilu ba abin mamaki ba ne. Amma haki cikin sanyin hunturu, bai yi gudu ba, bai yi komai ba, alamar tsoro ce ko ciwo. Akwai kuma girgiza jiki kamar ya fito daga ruwa alhali a bushe yake, da ɗaga ƙafar gaba ɗaya, da kai-komo ba dalili, da ƙin karɓar naman da ya saba wawura.

Ko kwanciya rigingine tana da fuska biyu. In jikinsa a sake yake yana birgima, wasa yake so. In ya kwanta a sandare, wutsiya a manne da ciki, kai a juye, cewa yake "na sallama, ka rabu da ni." Shafa cikinsa a wannan lokacin ƙara masa tsoro ne.

"Ai yana kaɗa wutsiya"

Wannan maganar ta ja wa mutane da yawa. Kaɗa wutsiya na nufin wani abu ya motsa karen, ba lallai farin ciki ba. Wutsiyar murna tana lilo a sake, har ƙugu na motsi. Wadda aka ɗaga sama a sandare tana rawa da sauri, gargaɗi ce, musamman in gashin bayansa ya miƙe. A shekarar 2007 wasu masu bincike a Italiya sun gano har ɓangaren da ake kaɗa ta yana da ma'ana: karnuka sun fi karkata ta zuwa damansu in sun ga mai su, zuwa hagu kuma in sun ga baƙon karen da ke ba su tsoro.

Ka ga ke nan karen da aka yanke wa wutsiya ko kunnuwa, kamar yadda ake yi wa wasu karnukan farauta da na gadi, an rage masa hanyar magana. Irinsa sai ka ƙara sa ido a kan idanu da baki da yadda ya tsaya.

Fuskar "na yi laifi" da maganar runguma

A 2009 wata masaniyar halayyar karnuka a birnin New York na Amurka, Alexandra Horowitz, ta gwada karnuka 14. Masu su suka hana su cin wani abu suka fita. Da suka dawo, wani lokacin sai a gaya musu akasin abin da ya faru. Sakamakon? Fuskar "laifin" ba ta da alaƙa da ko karen ya ci ko bai ci ba, faɗan da aka yi masa ne ke fito da ita. Waɗanda ba su ci ba ma, da aka yi musu faɗa, sun fi nuna ta. Wato tsoronka yake ji, ba nadama ba.

Ita kuwa runguma, a 2016 Farfesa Stanley Coren na Kanada ya duba hotuna 250 na intanet da mutane ke rungume da karnuka, ya ga fiye da kashi 80 cikin 100 na karnukan suna nuna aƙalla alama ɗaya ta damuwa. Dabbar da ta dogara da gudu in ta ji tsoro, ka riƙe ta gam, me kake jira?

To, ya za ka yi?

In ka ga alamun farko, daina abin da kake yi, ka ba shi fili. Kada ka doki kare don ya yi gurnani. In ka koya masa cewa gurnani na jawo bulala, zai daina gurnanin, amma tsoron yana nan, gobe sai ya tsallake zuwa cizo kai tsaye.

Karen da ke ɗaure da gajeriyar sarƙa cikin rana, ba inuwa ba ruwa, ba shi da inda zai gudu, don haka ya fi saurin kai hari. Sama masa inuwa da ruwa da wurin ɓuya, musamman lokacin da yara ke fasa abin tartsatsi a bukukuwa. Ka gaya wa ƙannenka kada su taɓa kare yana cin abinci, ko yana barci, ko karya tana tare da 'ya'yanta. In baƙon kare ya tunkaro ka a layi, kada ka ruga. Tsaya cak, hannu a jiki, ka kau da ido, sannan ka ja baya a hankali. In kuma halin karenka ya canja farat ɗaya, kai shi wurin likitan dabbobi, domin ciwo ma na sa kare faɗa.

Akwai inda duk wannan lissafin ba ya aiki: mahaukacin kare na iya cizo ba gargaɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cutar haukar kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ya tsira. Saboda haka in kare ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a wuce asibiti a ranar, kada a jira a ga abin da zai faru. Naka karen kuma ka tabbata ana masa allurar rigakafi a kan lokaci.

Nan gaba in bidiyon "kare mai kunya" ya faɗo wayarka, kashe sautin ka sake kallo. Duba kunnuwa, duba ido, duba baki, sannan ka nuna wa ƙaramin da ke kusa da kai abin da ka gani.